Maiwada Gyartai da Garin Gawayin Kubura

Maiwada gyartai ne, a hannun mahaifinsa ya gaji sana'ar. A ƙauyensu na gefen tsohuwar Maradun, duk matar da ƙwaryar nononta ta tsage shi take nema. Ya huda da basilla, ya ɗinke da siririyar kaba, ya zuba ruwa a gabanta don ta ga ba ta yoyo.

Da aka tare ruwa a Bakolori, gidansa da gonarsa suka tafi ƙarƙashin tafki. Aka kwashe su zuwa sabon matsuguni a kan tudu mai tsakuwa, inda duma ba ya yi. Mata kuma sun fara komawa ga kwanukan roba. Damina biyu suka daure, shi da matarsa Kubura, sannan suka koma Talata Mafara, wani ɗan'uwa ya ba su aron ɗaki a bayan tasha. 'Yarsu ɗaya, Taibatu, tana aure a Bakura.

Kullum yakan shimfiɗa buhu a bakin tasha ya zauna. Wata rana ya samu ƙwarya ɗaya, wata rana ya wuni yana kallon manyan motocin aikin dam suna wucewa.

Wata Talata, wani malamin gona mai suna Dikko ya tsaya a gabansa da babur. Ya faɗi a hanyar Bakura, murfin robar da ke rufe batir ya tsage gida biyu, kuma an ce masa sai Sakkwato ake samun sabo. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaya, cikin raha, ko ana ɗinke roba kamar ƙwarya. Maiwada ya juya murfin ya ce zai gwada.

Hudar farko robar ta ƙara darewa. Kunya ta hana shi cin tuwo ranar. Dikko bai yi fushi ba. Washegari ma sai ya kawo masa wani gam da ya samo wurin makanikan dam, kala biyu a 'yan kwansuna irin na man goge baki, sai an cakuɗa su yake kamawa. Amma tsagar ta yi faɗi, gam ɗin zurarewa yake yi ya bar rami.

A gida yake wannan fama, Kubura tana gefe tana tankaɗe. Ta dubi gam ɗin, ta ce:

"Malam, abin ga ruwa-ruwa ya yi. Ko kunu sai da gari shika kauri."

Ta daka gawayi, ta tankaɗe sau uku, na ƙarshe da tsohon mayafinta. Ya kwaɓa da gam ɗin, ya zafafa basilla a wuta ya sake hudawa, ya ɗaure ta ciki da siririyar waya, ya cike tsagar. Da ta bushe ya goge da ganyen baure har ta yi santsi.

Dikko ya ɗaura murfin ya yi ta shafawa. Da ya ji dabarar ta uwargida ce, ya nemi izini, ya turo babur ɗin ta zaure har tsakar gida don ta gani a jikinsa.

"Gwaggo, ki nuna mani inda ya karye."

Ta sunkuya tana bi da yatsa. Ta gano wurin, amma ta ce ba ta gani ba, don ta ga yadda mijinta ya tsaya yana jira.

Daga nan labari ya bazu. Masu babur daga Morai da Kaya suka riƙa kawo murfi da gidan madubi da hular kwano. Direbobi suka kawo danja, jan murfin fitilar bayan mota. Kowane launi Kubura ta samar masa gari: toka don fari, jan bulo don ja. Ja bai taɓa fita daidai ba, kuma Maiwada yakan faɗa wa mai kaya tun kafin ya fara. Abin da ya san ba zai riƙe ba, ya ce a kai kasuwa a sayi sabo. Shekara takwas suna haka. Da la'asar yakan ba ta labarin kowane aiki, wa ya kawo, ina ya faɗi, ya ji ciwo ko bai ji ba.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke Kubura a tsakiyar damina. Bayan arba'in Taibatu ta zo ta roƙe shi ya bi ta Bakura. Ya ce ta yi haƙuri, idan ya bar bakin tasha bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ta yi kuka, ta koma.

Kwana biyu bayan nan, wani direban Bakura ya tsaya da hantsi ya miƙo masa kwano a ɗaure, tuwo ne da miyar kuka daga Taibatu. Washegari wani direban daban ya kawo. Ba wanda ya tsara masu. Duk wanda ya fara cika mota shi ke biyawa ta ƙofar gidanta. Da yamma Maiwada ya wanke kwanon ya ba motar ƙarshe. Haka suka yi har shekarar da ƙafa ta hana shi fitowa, sannan ya yarda aka kai shi Bakura, a gidan gaba kusa da direba.