Hezekiah da Lasifikar Masallacin Unguwa

Shekara goma sha biyu Hezekiah ya yi yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Gumel. Daga Zonkwa ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya ji Hausa kamar jakin Kano, har yaran unguwa na kiransa Baba Rediyo. Mutum ne mai saurin fushi, amma ko maƙiyinsa ya san ba ya ha'inci a aiki.

A shekarar 1996 injin lasifikar masallacin unguwarsu ya mutu. Malam Sajo ladan ya kawo masa. Hezekiah ya buɗe ya ga abin da ya ƙone, wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu goma wanda shi ke fitar da murya. Kowace ƙafa da aikinta: wannan wuta, wannan shigar sauti, waccan fitarsa.

"Malam, a ba ni mako guda, sai daga Kano," in ji shi. "Akwai mai kama da shi a Maigatari, amma ƙafafunsa a juye suke. Kada a kuskura."

Alhaji Hamma, shugaban kwamitin masallacin, wanda ko batir bai iya sa wa tocila daidai ba, ya ce jan rai ne kawai. Ya aika aka ɗauke injin, ranar Alhamis ya sayo na Maigatarin, wani mai gyaran agogo ya liƙa masa. Ana kunnawa sai hayaƙi.

Kafin la'asar magana ta zaga gari: wai Hezekiah ne ya yi wa injin wani abu, don dama ba ya son jin kiran salla. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana kashe rediyonsa in an tayar da salla! Abin takaici, har waɗanda ya sha yi wa gyara kyauta suka zo suna kwashe rediyoyinsu, ba mai kallon idonsa.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya hau mota da kansa ya je Kano ya sayo sabon abin ya dawo, ya ce a fito da injin ƙofar masallaci. A gaban jama'a ya cire na Maigatarin, ya ɗaga shi kusa da sabon.

"Ku duba! Wuta kuka tura inda murya ke fita. Na faɗa ko ban faɗa ba, Malam?"

Malam Sajo ya sunkuyar da kai. Hezekiah ya liƙa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ladan ya hura makirfo, sauti ya tashi garau har bakin tasha.

Ya tsaya yana jiran wani ya ce masa yi haƙuri. Sai Alhaji Hamma ya gyara babbar riga, ya dubi mutane.

"To kun gani? Wanda ya ɓata abu ai shi ya san gyaransa."

Aka gyaɗa kai. Hezekiah ya naɗe wayar aikinsa ya tafi. Kafin damina ta faɗi, mai sayar da mangyaɗa ne a rumfar.