Waƙar da Ruwan Fangali Ke Yankewa

Waliyyu na Giwa Tazo ya shekara talatin yana noman albasa, ya kuma shekara talatin yana waƙa, amma albasar kaɗai mutane suka yarda da ita. Waƙoƙinsa ba amsa-amo, ba tsari. Wani layin dogo, wani kalma biyu, wani ya yanke ana tsakiyar zance. A kasuwar Jega dillalai kan sa shi ya rera ɗaya don su sha dariya. Shi ma yakan dara, amma abin yana ci masa rai, don ba abin da yake so kamar a kira shi mawaƙi ko sau ɗaya.

Sai ga Hussaina, wata 'yar Aliero mai digiri na biyu a adabi, wadda ta ji waƙoƙin a wayar wani direba. Har gona ta biyo shi. Ta ce masana sun gano wannan yankewar falsafa ce zalla: mawaƙin zamani ya fahimci rayuwa ba ta kammaluwa, shi ya sa yake karya layi. Babi guda za ta rubuta a kansa. Saura kawai ya faɗa mata littattafan da suka yi masa tasiri.

Kan Waliyyu ya kumbura, sannan ya tuna gaskiyar lamarin. Shi dai wajen ban ruwa yake waƙa. Da fangalin albasa ya cika da ruwa, dole ya yi shiru ya toshe shi da fartanya ya buɗe na gaba, kafin ya ɗago ya manta inda ya tsaya. Babban fangali, dogon layi. Ƙarami, kalma biyu. In ya faɗi haka, babi ya tafi. Har ya soma ƙirƙiro wani malamin Maiyama da ya rasu tuntuni don ya ce shi ya koya masa, sai kunya ta kama shi.

"Malama, ni ban karanci kowa ba," in ji shi. "Ruwa na ka yanke ta, ba ni ba."

Hussaina ta rufe littafinta. Waliyyu ya sunkuyar da kai yana jiran sallama. Sai ya ga ta tuɓe takalma, ta tattare bakin zani, ta shigo cikin laka riƙe da waya.

"To, mawaƙi, tada injin ban ruwan in ji da kunnena."

Injin da yake tayarwa da ja ɗaya, ranar sai da ya ja igiyar sau huɗu, don ba a taɓa kiran sa mawaƙi ba sai ranar.