Goshi da Ɗan Riƙonta

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Amma tambayar ta ƙi barina.

Da daminar farko bayan sojoji sun miƙa mulki, lokacin da manyan motoci ke ta jigilar duwatsun gina Abuja, muna zaune a wani ƙauye kusa da Kwali. Wata safiya na shiga garke na tarar da tsohuwar tunkiyarmu Goshi tana lasar ɗanta, ashe ya mutu. A makon nan kuma wata ƙaramar tunkiya ta mutu ta bar jinjiri mai ƙafafu kamar tsinke. Goggona, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta jiƙa gishiri ta shafa masa a gadon baya, ta tura shi gaban Goshi. "Riƙe mata kai, Ladi," in ji ta, "in ta lasa, ya zama nata." Ta lasa.

Ba ni da tsara a gidan, yayyena maza duk sun tafi leburanci wurin gini. Daga makaranta sai in ajiye jaka in kora tumaki bakin rafi. Ina jiyo 'yan mata suna gaɗa daga nesa, ni kuwa ina zaune kan dutse ina kallon marayan nan yana tunkuɗar hantsar Goshi, wutsiyarsa na rawa. Da shi nake hira. Kafin Babbar Sallah ya fi duk tsaransa girma.

Uban marayan wani ƙaton rago ne balami da Baba ya sayo daga arewa tun kafin daminar, yana ji da shi ƙwarai. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallon marayan suna cewa, "Kai, jinin balami ba wasa ba!" Har tumakinsu suke kawo wa balamin barbara. Da Baba ya ce zai sayar da Goshi saboda ta tsufa, na yi ta maza na ce masa nononta ne ya gina ɗan. Ya yi dariya, ya dafa kaina. "Uwata, girma daga uba yake. Nono ai ruwa ne." Ranar kasuwa aka ja ta, ɗan riƙonta yana kuka a turke har muryarsa ta dushe. Ban ci tuwo ba ranar.

'Ya'yan da balamin ya bayar bayan nan ba su kai marayan ba. Baba ya ce ciyawa ce ta yi ƙaranci, kuma gaskiya ne ta yi. Shi ya sa har yau ban iya cewa ni ce mai gaskiya.

Yanzu ina Nyanya, a gidan haya mai ɗan lungu a baya, ba rafi ba dutse. Tumakina biyu, mai gidan ya ce ɗaya zan bari. Guda 'yar babban rago ce amma nononta kaɗan, ɗayar ƙarama ce mai cika hantsa. Goggo ta rasu, ba wanda zan tambaya.

Na ji an ce masana kiwo suna da lissafin da ke raba abin da ɗa ya gada a jini da abin da ya sha a nono. Don Allah, wanda ya sani ya bayyana mini da Hausa mai sauƙi kafin ƙarshen wata. Ba na so in sake ganin an ja wadda ya kamata ta zauna.