Rigar Malam Yelwa a Jirgin Ruwa

Yayana Badaru tela ne a Kasuwar Umdurman, shekara arba'in a kan keke ɗaya. Mutum ne mai taurin kai da ƙarancin magana, in ka kawo masa yadin banza zai faɗa maka ido da ido. A Umdurman aka haife mu ni da shi. Mahaifinmu, Malam Yelwa, da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja, ya yi shekara shida a hanyar Makka, da ya sauke farali sai ya yi zamansa a nan. Bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Babbar riga guda ya bari, ta saƙi, mai aska takwas, wadda ya yi wa aiki da hannunsa. A ƙasan akwati Yaya yake ajiye ta, sai ranar Idi take ganin rana.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai a duniya, 'yarsa Husna. Ita kaɗai gare shi, uwarta ta rasu tun tana goye. Tun da ta shiga sakandare 'yan ajinsu suka sa mata Fallatiya, kamar yadda ake kiran irinmu, ta daina amsa Hausa a waje. A gida ma in ya yi mata Hausa, da Larabci take mayar masa. Shi kuwa bai fasa ba, kullum da Hausa yake tashinta sallar asuba, yana fatan wata rana ta amsa.

Shekara biyu bayan sojoji sun karɓi mulki, ana saura kwana uku Babbar Sallah, sai ga Muntasir a shago. Ɗan maƙwabciyarmu ne, uwarsa ƙosai take soyawa a bakin layi, ni Kubra na sha goya shi. Da ya girma ya shiga 'yan wasan kwaikwayo sai Hausa ta zame masa abin kunya. Amma ran nan da yake yana da buƙata, bakinsa har zuma yake ɗiga.

"Ya ammu, baffana, wasa za mu yi a cikin jirgin ruwa ranar biyu ga Sallah, a kan alhazan da suka zo da ƙafa. Wallahi babu rigar da ta dace sai ta Malam. Ku zo da Husna ta ga tarihin kakanta."

Na ce, "Yaya, kada ka ba shi."

Ya ce, "Kubra, bari yarinyar ta ga ana tafa wa rigar nan ko sau ɗaya."

Da ranar ta zo, bayan azahar muka shiga jirgin a kusa da Mugran, inda manyan koguna biyu suke haɗuwa. An kafa dandali da katako a gaba, an jera kujeru, maza dama, mata hagu, igiya a tsakani. Layin farko masu kaki ne da iyalansu. Yaya ya sha farar jallabiya, sai leƙo mu yake yana murmushi. Jirgi ya saki gaɓa, muka yi tsakiyar ruwa.

Sai ga Muntasir ya fito a dandali. Ya sa rigar a juye, gaba a baya, aikin askar yana gadon bayansa, aljihun an cika shi da gyaɗa. Ya shafa baƙin tukunya a fuska, yana tafiya kamar agwagwa, yana karya Larabci yadda ko tsofaffinmu ba sa yi. Wai shi ne alhajin da ya yi shekara talatin yana neman Makka, ko'ina ya ga rumfar shayi sai ya fara ɗawafi. Jirgi ya ɗauka da dariya. A zamanin nan ba wanda ya isa ya taɓa mai kaki ko ya ambaci layin burodi a dandali, mu ne kaɗai naman da aka halatta. Kuma ɗanmu ne ya riƙe wuƙar, wannan ne har yau yake ƙona ni.

Da a ƙasa ne, da mun tashi mun kama hanya. To ina za ka? Ruwa gaba, ruwa baya.

Yaya ya daure har wurin da wani ɗan wasan ya zubar da shayi a ƙasa, Muntasir ya durƙusa ya goge da hannun rigar. Nan Yaya ya miƙe. Ya tsallake ƙafafun masu kakin nan bai ce musu ko sannu ba, ya hau dandali, ya cafki wuyan rigar. Mutumin da Larabcinsa ya fi na rabin jirgin, fushi ya sa ba abin da ya fito daga bakinsa sai Hausa.

"Tuɓe! Tuɓe rigar ubana, marar mutunci! Uwarka da wane yare ta yi maka rarrashi?"

"Ma'alesh ya ammu, yi haƙuri, khalas, ya isa, mutane na kallo," in ji Muntasir a hankali. Amma da ya ji dariya ta ƙaru, sai ya waiga ga jama'a ya zare ido, ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka kama da sata. Yaya ya fizge rigar daga jikinsa, gyaɗa ta watse a katako. Mutane suka ɗauka duk cikin wasan ne. Suka yi ta tafi, har da masu yin fito da baki, wani hafsa yana share hawaye don dariya. Yaya ya tsaya da rigar a hannu yana haki, bai gane me ake tafa wa ba.

Matar da ke kusa da Husna ta dafa ta, ta tambaye ta da Larabci, "Wannan tsohon ya iya! Kin san shi?"

Da kunnena na ji amsar. Husna ta ce, "La'a. Ɗan wasa ne kawai."

Na ji kamar in kwaɗa mata mari. Amma da na duba sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuskarta, na haɗiye. Sa'a guda cur muka ƙara a jirgin nan kafin ya juyo. Yaya ya koma kujerarsa, ya ninke rigar a cinya, na kusa da shi suna bubbuga kafaɗarsa suna yaba masa.

Da muka sauka Husna ta yi gaba da sauri, ta ba mu tazara. Yaya ya ɗaga murya ya ce, "Husna, tsaya mana, ki jira mu." Ba ta waiga ba. Ya sake faɗa, jama'a na wucewa ta gefenmu, ba ta waiga ba. Sai ya faɗa da Larabci. Nan take ta tsaya.

Ban taɓa gaya masa abin da ta ce a jirgi ba, ban kuma ga alamar yana buƙata ba. Washegari da asuba ina kwance na ji ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya tashe ta da Larabci. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ya aurar da ita, ya ga 'ya'yanta uku, bai sake yi mata Hausa ba. Ranar da aka dawo daga rakiyarsa makabarta, Husna ta faɗo jikina tana kuka, tana cewa, "Gwaggo, Baba ya tafi," da Hausa tsantsa, babu ko gargada.