Malafar da Malam Ladan Ya Zaɓa Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran maigidana a sana'a, Malam Ladan mai ɗaukar bidiyo, a gidansa da ke Jega Magaji, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya ga yadda ka sha wuya a watannin ƙarshe, Malam, ya san cewa ka huta.

Kai ka fara ɗora mini kyamara a kafaɗa. Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, da wuya a sami gidan da ba ka ɗauki sunansu ko saukar karatunsu ba. Sai dai kana da wani taurin kai guda: ba ka yarda a ɗauke ka. Da an juyo da kyamara wajenka sai ka ɗaga hannu ka ce wurinka bayanta ne. Muna yi maka dariya, ba mu san abin zai dawo ya dame mu ba.

Ranar sadakar uku, matarka Inna Yalwa ta sa aka kira ni cikin gida. Ta ce, "Naziru, ɗana, mutumen ga ya ɗauki duniya duka, amma ko motsinai guda babu gare mu. Jikokinai mi za mu gwada musu? Ba ka da komi?"

Na san ɗauka guda ɗaya tak na taɓa yi maka, kuma kai da bakinka ka ce in goge ta.

Ga yadda aka yi. Bara, lokacin cirar albasa, na sayi ƙaramar kyamara ta zamani, irin marasa madubin nan da ba su da nauyi. Sai nake neman akwatin da ake maƙala wa a bakin kyamara don ya tare hasken rana, ya kuma riƙe gilashin rage haske. Kai kana ce masa malafa. Mai sayarwa ya ba ni guda biyu in gwada. Ɗaya ƙato ne na ƙarfe, sai an kafa masa sanduna a ƙarƙashin kyamara. Ɗayan kuwa ɗan ƙarami ne, ana ɗaure shi a bakin gilashi da zobe, ga ɗan murfi a sama. Ni ƙaton nake so, domin a wajenmu mutane girman kaya suke kallo kafin su yarda kai gwani ne.

Ka ɗaga ƙaton, ka jinjina shi, ka kalle ni. Ka ce, "Kai ka son burge mutane. Wanga da shi za ka hau babur zuwa Liba? Kahin la'asar hannunka ya mutu, hoto ya kama rawa. Kyamararka ƙarama ta, ba ta malahwa daidai kanta."

Na yi gardama cewa ƙaramin ba zai iya da ranar Aliero ba. Sai ka sa na ɗaura ƙaramin, ka ja ni zuwa wata gonar albasa a Danwarai. Ka tsaya, rana tana bayanka tana dukan bakin kyamara, ka ce, "To ɗauka mu gani." Don ka ci gardama ka manta da dokarka! Da muka gama, ka lulluɓe kanka da babbar riga ka leƙa ɗan allon, ka ce ya yi, in goge. Na ce to. Na goge ko ban goge ba, wallahi ban iya tunawa ba.

Ban yi wa Inna alkawari ba. Na koma shago na zazzage tsofaffin katunan ɗauka, ina saka su ɗaya bayan ɗaya. Bukukuwa, gonaki, tarurruka. Can sai ga ka.

Fuskarka tar, Malam, babu hazon rana ko kaɗan. Ga furfurar gemunka, ga wannan murmushin da kake yi in ka san kai ne da gaskiya. Kana cewa, "Ka gani? Ba nauyi ka aiki ba." Na kifa kaina a tebur na yi ajiyar zuciyar da ban taɓa yin irinta ba.

Da na kai wa Inna, ta kalla, ta sa aka maimaita. Ta share ido ta ce, "Shi na. Ko nan ma gardama yakai." Ɗakin duka aka yi dariya, karo na farko tun ranar Talata.

Malafar tana nan a bakin kyamarata, ba zan sauya ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yalwa, da 'yarka Mufida, da jikoki, da dukan abokan sana'a na Jega, Aliero da Maiyama. Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyar da ka yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya sanya ka a inuwar rahamarSa. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.