Na je suna Toronto

Mun tashi daga Daura da asubar Laraba. Yayana ne ke tuƙi, ni ina baya rungume da jakar da Hajiyarmu ta cika da garin kunun kanwa da yajin jego. Yayata ce ta haihu a Toronto, haihuwar fari, ba ta da kowa sai mijinta ɗalibi. Hajiya ce ya kamata ta je, hawan jini ya hana, sai aka tura ni da umarni ɗaya, kada ranar suna ta same ta babu mace 'yar gida a gefenta. Ranar Juma'a da asuba aka buga mana albishir, don haka a lissafinmu suna Juma'a ne.

Damina ta yi kyau, gero ya rufe gefen titi har Kazaure. A filin jirgin Kano yayana ya miƙa min jaka ya juya, da na bar Kano ban ƙara jin Hausa ba sai a Toronto.

Kano zuwa Alƙahira kusan awa biyar, yawancin hanyar yashi ne ba gari. Can na sayi shayi a farashin da ya sa na shanye har ɗigon ƙarshe. Daga Alƙahira zuwa Toronto kuwa wajen awa goma sha biyu. Allon gaban kujerata yana nuna ɗan jirgi bisa teku, in yi barci in farka yana nan kamar an manna shi. Rana ta ƙi faɗuwa, har na rasa lokacin wace salla nake ciki. Tsohuwar da ke kusa da ni ta ba ni dabino, murmushi kawai muka iya yi wa juna.

Ranar Alhamis na sauka, ina murna na riski jajibere. Na tarar da Yaya sanye da sabuwar atamfa, ga farantai an wanke an kife.

"Yaya, baƙi kuka yi?"

"Suna muka yi, Auta. Yau da safe."

Ashe da yammacin Alhamis ɗinsu ta haihu, lokacin mu Juma'a ta riga ta shigo mana.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ɗauka kujerar jirgi ce ba a samu da wuri ba. Ban so Hajiya ta damu."

Ita ta dafa abincin, ita ta ɗaura wa kanta ɗankwali, mijinta ya ɗauke ta hoto. Na zauna har ta yi arba'in, ina dama kunu, ina goyon yaron a ɗaki mai shiru.

A tafiyar nan na gane cewa nisa ya wuce awannin jirgi, tunda har sunan rana sai ya raba ka da naka.

Da na dawo Daura, ko mayafi ban cire ba Hajiya ta ce, "An dai rangaɗa buɗa ranar sunan?"

Na ce, "Babu wanda ya iya a can, Hajiya."