Baffa Yana Bankwana, Mu Muna Yabonsa

Assalamu alaikum, Edita. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, asalina Bafulatani daga wani ƙauye a yankin Buji. A shekarun da zan ba da labarinsu, babu wanda ya kai ni kaifin baki a majalisarmu ta bayan la'asar. Na yi boko, na sami ofis da 'yar mota, kaina ya kumbura. Duk ranar da wani ya karanto mana a waya cewa wani ya kashe kansa, ni ne farkon yanke hukunci. In ce aikin 'yan kudu ne, ko 'yan matan da samari suka yaudara, ko yaran da ƙwaya ta cinye wa ƙwaƙwalwa, amma namiji dattijo Musulmi mai sallah ba zai taɓa yi ba. Ina faɗa ina buga cinya, ana ta gyaɗa min kai. Yau idan na tuna wannan bakin nawa, ji nake kamar in mari kaina.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne tun yana yaro. Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wancan na Dutse. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba ma haɗa ido. Idan yana da magana da ni, sai ya faɗa wa ƙanwarsa, Gwaggo, ita ta kawo min. Haka muka taso, kuma ni har alfahari nake da wannan kunyar, ina cewa tarbiyya ce da 'yan birni ba su da ita. Da gonaki suka cinye burtali, ciwo kuma ya shiga garke, shanunsa suka ragu ƙwarai, ga mahaifiyata ta rasu. Sai ni da ƙanensa, wani Alhaji ɗan kasuwa mai son a ji shi, muka zauna muka yanke cewa a sayar da ragowar, a kawo Baffa Dutse ya huta. Ba mu tambaye shi ba. Gwaggo muka aika ta sanar da shi, ta dawo ta ce bai ce komai ba, mu kuwa muka ɗauka ya yarda.

Na gyara masa ɗaki a gidana, na sa fanka, na sa katifa, na sa talabijin, ina ta nuna wa abokai irin gatan da na yi wa ubana. Gata! Mutumin da ya saba fita da asuba ya wuni a daji, sai ga shi daga masallaci sai ɗaki. Yakan tashi da sassafe ya ɗauki sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa, yana kallon babura da Keke suna wucewa, sannan ya koma ciki ya ajiye ta. Furar da matata ke dama masa ta fara dawowa ba a taɓa ba. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, magana ta ɗauke. Matata ta yi min zancen, na ce tsufa ne, kuma ai Fulani dama ba su da yawan surutu.

Wata abokiyar aikina, Kirista ce 'yar Filato, ta zo gaishe shi wata Asabar. Da za ta tafi ta ja ni gefe, ta ce idon Baffa bai yi mata daɗi ba, ta taɓa ganin irinsa a fuskar yayan mahaifinta bayan ya rasa gonarsa, kuma ƙarshen bai yi kyau ba. Ta ce likitoci na cewa maza sun fi mata halaka kansu, kuma tsofaffin da aka raba da sana'arsu suna cikin waɗanda aka fi jin tsoro a kansu, ba 'yan mata kaɗai ba kamar yadda nake ta faɗa a ofis. Ta roƙe ni in kai shi asibiti wajen masu duba damuwa. Wallahi na ci mutuncinta. Na ce ta bar kwatanta ubana da danginta, mu muna da tawakkali, kuma ba zan kai Baffa ɗakin mahaukata mutanen garinmu su ji ba. Ta hau mashin ta tafi, ni kuma na shiga gida ina huci kamar na ci yaƙi.

Akwai wata yamma da har kullum take damuna. Ina zaune a tsakar gida ni kaɗai, sai Baffa ya fito ya tsaya kusa da ni, ya yi gyaran murya. Bai taɓa yin haka ba. Ni kuwa, saboda wannan shegiyar kunyar da nake taƙama da ita, sai na sunkuyar da kai, na zame na fita waje, na aika matata ta tambaye shi ko yana buƙatar wani abu. Ya ce mata babu komai. Ban san abin da ya zo faɗa min ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ɗan da ya iya tsayawa gaban darakta ya yi musu, shi ne ya kasa tsayawa gaban ubansa ya saurare shi.

Ba a jima ba sai Baffa ya warware kamar ba shi ba. Ya fara cin abinci, har murmushi yake yi, ya ce a kai shi gida ya gaida 'yan'uwa. Na ji daɗi, na kai shi da kaina, na baro shi a can. A ƙauye ya dinga bi gida-gida yana neman gafara, har wurin mutumin da suka daɗe ba sa ga-maciji saboda rikicin gona. Ya ba wani maƙwabci sandarsa da malafarsa, ya raba tufafinsa. Gari ya ɗauka da yabo, kowa na cewa haka ake so dattijo ya yi, ya gyara tsakaninsa da mutane. Alhaji har a masallaci ya kafa misali da shi. Ni ma da Gwaggo ta ba ni labari a waya, hamdala na yi, na ce ga shi nan waccan 'yar Filaton ta ji kunya. Mutum yana mana bankwana ƙiri-ƙiri, mu muna ta sa masa albarka.

Ina ofis da hantsi aka kira ni. Ba zan faɗi yadda aka same shi ba, babu amfani. Abin da zan faɗa shi ne, kafin in isa, Alhaji ya riga ya tara manyan gida, ya rufe ƙofa, ya shirya abin da za a faɗa: hawan jini ne ya buge shi. Ya ce duk wanda ya furta wani abu daban ya tozarta zuri'a, 'yan matanmu ba za su auru ba, kuma 'yan sanda za su shigo mana. Gawar yayansa tana kwance, shi kuwa damuwarsa surukai. Limamin garin, Allah ya saka masa, ya san gaskiya, amma ya ce Musulmi ne, a yi masa wanka a sallace shi, hukuncinsa yana wurin Ubangijinsa. Ni kuwa na karɓi gaisuwa ina maimaita hawan jini kamar aku.

Ranar addu'ar bakwai ce ta fasa ni. Ana zaune a rumfa, wani ya kawo zancen wani ɗalibi da ya kashe kansa a can kudu, sai Alhaji, wannan Alhajin dai, ya gyara babbar riga ya ce alhamdu lillahi mu a nan ba mu san wannan masifa ba, don muna da imani. Na miƙe a gaban dattawa na ce ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi, ni da shi muka sayar da rayuwar Baffa a kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa, yanzu kuma muna binne gaskiya a kan kabarinsa. Aka riƙe ni, aka ce aljanu ne, wasu suka ce boko ne ya lalata ni. Tun daga ranar Alhaji bai sake amsa sallamata ba, ni ma ban matsa ba. Gwaggo kaɗai ke kirana, ita ma sai ta faki ido.

Shi ya sa idan na ji ana cewa a rediyo ko a majalisa wai abin ya yi ƙaranci a wajenmu, raina ke ɓaci. Wa ya ƙirga? Baffa yana cikin masu hawan jini. Allah kaɗai ya san tsofaffi nawa, magidanta nawa, manoma da makiyaya nawa aka rufe da sunan ciwon ciki ko ajali na farat ɗaya, don kada a ce gidan wane. Muna ɓoye namu, sannan mu zauna muna nuna wasu da yatsa. Na je na ba abokiyar aikina haƙuri, ta ce ta yafe, amma ni ban yafe wa kaina ba, kuma ban yafe wa al'adar da ta mayar da uba da ɗa baƙin juna a gida ɗaya ba.

Ku masu karatu, musamman irina da suka ɗauko iyaye daga ƙauye suka ajiye a ɗaki da sunan hutu, ku ji tsoron Allah. Damuwa ciwo ce, tana kama mai sallah kamar yadda zazzaɓi ke kama shi, kuma tana da magani a asibiti. Idan babba ya daina ci, ya daina barci, ya daina magana, sannan rana ɗaya ya washe ya fara rabon kayansa yana neman gafara, kada ku tsaya yabo. Ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi da bakinku ko yana tunanin halaka kansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi ga likita ko dangi za su zage ku. Zai iya jin haushi, ya ce ba ku da kunya, ya yi wata guda ba ya kula ku. Ku bar shi ya yi fushin. Ni yau da zan sami Baffa ya fito ya zage ni tas a gaban jama'a, wallahi da na yi sadaka.